Siket ɗin rawar bale da yaƙ ƙi tashi

Yaro, na ga saƙonka tun jiya bayan Isha'i, ban amsa ba don tambayar ta tayar min da wani tsohon miki, sai da niy yi barci nit tashi sannan zuciyata tas sauka. Kac ce wata mata ta zo shagonka a Mabera da hoto cikin waya, ɗiyarta 'yar shekara takwas ta kamu da son rawar nan ta Turawa da ake kira bale, tana son siket ɗin da masu rawar ke sawa, mai tsayuwa kewaye da ƙugu kamar faifai. Kai kuma kas sawo net yadi huɗu kat tattara kaɗ ɗunka bisa roba, abu yaz zubo kamar jiƙaƙƙen gidan sauro, shine kake tambayata ko sitaci za ka sa mai.

Kar ka sa. Net ɗin yanzu galibi zaren roba ne, ba auduga ba ne balle ya sha sitaci, za ka ɓata ma matar kaya ne kawai ka ja ma shagon da yak koya maka aiki zagi. Shekara huɗu kay yi a gabana, kuma hal yau ba ka iya damƙe yadi da hannu ka ji mi yake gaya maka ba? Net kala biyu ne a kasuwa. Akwai mai laushi na mayafin amarya da hannun riga, akwai mai tauri wanda ake sawa ƙarƙashin rigar amarya don ta buɗe. Ka dunƙule shi cikin tafin hannu ka saki, in ya kwanta yadda kab bar shi to ba naka ba ne, in ya yi tsalle ya miƙe shina ƙaiƙayin hannu to shi kake nema. Na tabbata mai laushin kas sawo don ya fi kyan gani cikin leda. Haka kuke ku yaran yanzu, ido ke saye muku kaya, hannu na riƙe da waya.

Su masu rawar, “tutu” suke kiran siket ɗin, kuma ka san wanga suna ba ya da daɗin faɗi a bakin Bahaushe, shi yas sa ni a shagona siket ɗin bale nake cewa, kai ma ka riƙa faɗin haka gaban kwastoma. Iri biyu ne manya. Akwai dogo mai laushi da ke sauka hal ƙwauri, hawa uku zuwa biyar, shi ne na asali, wanda wata mai rawa Mari Taliyoni tas sa a birnin Faris a 1832 duniya tas san shi. Sai gajeren mai tauri da yaz zo daga baya don a riƙa ganin aikin ƙafa, shi ne na cikin hoton da anka kawo maka. Ba a littafi nik karanta wannan ba, wata yarinya ce tag gaya min, kuma labarin uwarta ne yah hana ni amsa maka jiya.

Shekarar da tag gabaci korona ne, kai lokacin ba ka zo wurina ba. Saura sati uku babbar Sallah, shago cike da shaddodi hal ba wurin aje ƙafa, sai ga wata Hajiya cikin mota mai baƙin gilashi, ba zan faɗi sunanta ba ko unguwarsu, Allah ya san ta. Irin matan nan ne masu zuwa Dubai saro kaya suna saidawa cikin gida, tun daga bakin ƙofa turarenta yar riga ta shigowa. Tana tare da ɗiyarta 'yar shekara sha huɗu da ke karatu Ingila taz zo hutu, yarinyar na rungume da wata jaka zagayayya mai faɗi kamar babban tire. Hajiya tac ce za ta aurar da babbar ɗiyarta sati guda bayan Sallah, tana son ƙananan yara takwas su shigo gaban amarya ranar dina sanye da irin wanga siket, sannan ita wagga yarinya a ɗunka mata na gaske guda wanda za ta koma da shi makaranta, don nata ya matse ta. Tac ce an gaya mata duk Sakkwato in ban iya ba to ba mai iyawa. Gaskiya ne anka gaya mata, amma da wannan maganar tas same ni.

Yarinyar kam ba ni da abin faɗi a kanta sai alheri. Ta durƙusa tag gaishe ni da Hausarta mai ɗan karyewa, tab buɗe jakar tac ciro tsohon siket ɗinta ta aje bisa teburin yanka, kuma wallahi yadda ta aje shi za ka san abin na ranta ne, da hannu biyu, kamar mai aje jariri. Nij juya shi nid duba cikinshi, ita kuma tana ta bayani ba a tambaye ta ba. Ita tac ce min rawar daga fadojin Italiya tas samo asali, tak koma Faransa, Sarki Luwi na 14 da kanshi yake yinta hal yak kafa mata makaranta a 1661. Ita tac ce min shi kanshi net ɗin mai laushi sunan wani gari ne a Faransa anka sa mai. Tan nuna min takalminta mai ƙandararren baki da suke tsayuwa bisa yatsu da shi, nib buga bakin bisa tebur yay yi ƙara kamar katako, sannan nil lura da yatsun ƙafarta cikin silifa, biyu naɗe da filasta, farcen babban ya yi baƙi. Nic ce ɗiyata wanga ai wahala ce, tay yi dariya tac ce Baba in ina yi ba na jin zafi sai na gama. Daga nan nis san mai sana'a ce kamar ni, don nima haka bayana yake min in na tashi daga keke. Uwar kuwa dut wanga lokaci tana waya da wani kan kwantenar kaya, ko kallon siket ɗin ba ta yi ba.

Munka yi ciniki naira dubu 170 duka tara. Tac ciro dubu 30 tab ba ni, tac ce sauran sai ta ga aiki, ai ita ba ta cin haƙƙin mai sana'a. Ban rubuta ba, ban kira shaida ba, ga maƙwabcina mai wibin zaune bakin ƙofa amma ban ce zo ka ji ba. Motar nik kalla da gwal ɗin hannunta.

Net mai taurin da nake so, fari tas da ruwan hoda, nig gewaye babbar kasuwa ban samu da yawa ba, wanda nis samu ya sha rana ya yi ɗorawa-ɗorawa. Dole nib bi motar dare zuwa Kano, Kantin Kwari, nis sawo bandir-bandir, da satin na jikin riga da ƙugiyoyi da duwatsun ado. Dubu talatin ɗinta ko rabin kayan ba ta saya ba. Kuɗɗin da nic cika da su na ragon layya ne da nake tarawa tun bayan ƙaramar Sallah, nic ce ma maiɗakina ai kwana kaɗan ne, kafin ranar Arfa sun dawo da riba.

To buɗe kunnenka, ga yadda niy yi na yarinyar, shi ne amsar tambayarka. Awo maiɗakina tay yi mata cikin gida, ni ba na sa tef jikin ɗiyar mutane, kai ma kar in ji ka yi. Siket ɗin ba bisa roba guda ake tara shi ba yadda kay yi, bisa ɗan wando ake gina shi, wando mai ƙarfi na yadi ninki biyu, ka ja layuka da alli kewaye da shi kusa da kusa, tsakanin layi da layi kamar rabin inci, kowane hawa na net da layinshi. Na babba hawa goma zuwa sha biyu ne, ni sha biyu niy yi. Na can ƙasa shi ne ƙarami, bai wuce inci biyu ba, na bisanshi ya ɗara shi da inci guda, haka haka hal ka kai na sama mai inci sha uku ko fiye. Gajerun nan na ƙasa da ba mai ganinsu su ne ke tokare dogayen, su ne ginshiƙin abin, kai kuma kay yanka naka dut tsawo ɗaya kana jiran ya tashi, da mi zai tashi? Kowane hawa kuma tsawonshi kafin a tattara ya ninka faɗin ƙugu sau uku zuwa huɗu, shi yas sa na babba ke cin yadi goma ko fiye. Yadda ake tattara ba zan tsaya faɗa maka ba, in ba ka iya ba ka maido min da takardar yayen da nib ba ka. Bakin net ba a kalmasa shi don ba ya zarewa, almakashi kawai za ka bi shi da shi ka fidda haƙora-haƙora.

A hawa na tsakiya ake ɗunka wani siririn gida a zura waya ta zagaye, ita ke riƙe faɗin. Nin nemi irin ta cikin tsohon nata ban samu ba ko a Kwari, kwana biyu ina tunani, sai idona yak kai ga gidan sauron jarirai mai naɗewa da ke ɗakin maiɗakina, wayar cikinshi siririya ce mai tsalle, in ka lanƙwasa ta ka saki ta koma yadda take. Nif farke shi nic cire ta, nin naɗe bakunan da zare da salatif don kar ta soki yarinya. Ba wanda yak koya min wannan. Bayan nan sai aikin da ke raba tela da mai taka keke, wato ɗaure hawa da hawa da allurar hannu, ka kama hawa uku ka soka ka ƙulla sako-sako, ka matsa faɗin yatsa huɗu ka sake, hal ka zagaye, sannan ka hau na gaba. In ka ja zaren da ƙarfi siket ya ƙandare ya mutu, in ka bari da sako da yawa hawa su rabu suna lilo. Dare huɗu niy yi ina wanga ɗauri, wuta ta ɗauke, fitilar caji rataye a wuyana, net na yankar min yatsu hal sai da nis sa filasta irin ta yarinyar. Rigar sama gida goma niy yanka ta, na gefe a karkace don ta ba da numfashi, bayan kuma ƙugiya nis sa layi biyu, ban sa zif ba, don zif na iya fashewa tsakiyar rawa kuma ƙugiya na ba da damar sassautawa in ta ƙara jiki.

Ranar gwaji anka kawo ta gidana, ni ina zaure, sai ihun maiɗakina da yara nij ji daga ciki, wai ta tsaya bisa yatsa ɗaya tana juyawa kamar katantanwa siket ɗin bai ko rusuna ba. Da taf fito sanye da hijabinta idonta ya cika da hawaye, tac ce Baba ya fi wanda anka sawo min can. Sannan tar roƙe ni in gaya ma mutanen gidansu kar kowa ya kusance shi da dutsen guga ko wuta, tab ba ni labarin wata mai rawa a Faris, Emma Libri, da siket ɗinta yak kama wutar fitilar gas a 1862 tana gwaji, taj ji ƙuna tay yi wata takwas tana jinya tar rasu. Na yanzu ba ya ci da wuta kamar na da, narkewa yake ya manne, kuma turiri kawai ake nuna mai daga nesa.

Ana jibi Sallah Hajiya ta aiko direba ya kwashi kaya, tac ce a waya tana banki yanzu za ni ji alat. Direban yaz zo da buhun Gana-mas-go zai cusa su, nih hana, ni da kaina nij jera su kwance bisa kujerar baya ɗaya kan ɗaya. Alat bai shigo ba. Ranar Arfa nik kira ba a ɗauka ba. Ranar Sallah nid dawo daga idi niz zauna ƙofar gida, maƙwabta na ta fiɗa, ƙaramin ɗana yaz zo yat tsaya gabana yac ce Baba ina namu ragon. Shekara ashirin da ɗaya ina yanka tun da niy yi aure, ban taɓa fashi ba sai wannan shekarar. Ga kuma kaftani uku da ban gama ba saboda aikinta, ɗaya na wani Alhaji da ke kawo min ɗunki shekara sha ɗaya, da tsohuwar riga yat tafi idi, bai yi min faɗa ba, bai kuma sake taka shagona ba hal yau.

Anka yi biki anka watse. Sau biyar ina zuwa gidan, maigadi ya ce ta fita, ko tana barci, ko tana da baƙi, ina tsaye cikin yayyafi ina jin muryarta daga bene. A na shidda taf fito, tas sa mai aiki taj jawo wani buhu ta aje gabana. Biyar daga cikin na yaran ne a ciki, an cusa su kamar tsumma, sun sha maiƙon abinci da lemo, guda kuma an ɗora mai dutsen guga, ga shatar dutsen nan ƙarara, net ya narke ya dunƙule ya yi baƙi. Tac ce aikin bai yi daidai da hoto ba, yaran ma da ƙyar sunka sa, kuma ita ta duba intanet ta ga irinsu daga Chana ko dubu uku ba su kai ba, don haka abin da tab ba ni ya isa hal da canji. Alhali maƙwabciyarmu ta je dinar, maiɗakina ta ga bidiyon a wayarta, yara takwas sun shigo jere gaban amarya siket na tsaye cas, mata na ta guɗa suna liƙi, ita Hajiyar na gaba tana nuna su da hannu. Nic ce to ina na yarinyar da sauran ukun? Tac ce yarinya ta koma makaranta da nata, ukun kuma iyayensu sun tafi da su, in je in yi abin da zan yi.

Mi zan yi? Ba takarda ba shaida. Wani dattijo da ke sallah masallaci ɗaya da mijinta yas shiga maganar, bayan wata biyu yak kawo min dubu ashirin cikin ambulan yac ce in yi haƙuri in bar ma Allah. Na karɓa don girmanshi, amma ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Abin da yaf fi ci min rai ma ba kuɗɗin ba ne, cewar da tay yi aikin bai yi ba. Wata uku bayan nan yarinyar ta aiko ma maiɗakina saƙon murya, tana murna, wai malamarsu ta juya siket ɗin tana tambaya wane shago ne a Landan, tac ce mata Sakkwato ne. Ba ta san uwarta ba ta biya ba, mu kuma ba mu gaya mata ba.

Tun da bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, yab bazu a 2020 shina wagga rawa ba takalmi cikin ruwan sama, iyaye mata ke ta zuwa da hotuna, barin ma masu yara a makarantun kuɗi lokacin bikin ƙarshen shekara. Ina yi musu, amma kashi biyu cikin uku a hannu kafin almakashi ya taɓa yadi, a rubuta cikin littafi ta sa hannu, kuma kaya ba su barin shago sai ciko ya shigo na gani da idona, ko ɗiyar wa ce. In ta ce ta ga mai arha a intanet ka ce ta saya can, hawa biyu ne bisa roba, wanki ɗaya ya zama abin goge keke. Ku yaran yanzu kunya ke hana ku faɗin kuɗɗin aikinku, sai ku karɓi aiki a faɗuwa don ku samu abin ɗorawa a TikTok, mutum ya yi wata shidda shina koyo ya buɗe shago ya rubuta dizaina a allo.

Ita wagga mata taka, ka tambaye ta ina yarinyar za ta sa shi. In bikin makaranta ne ba ta buƙatar waya ba ta buƙatar hawa sha biyu, 'yar shekara takwas za ta zauna ta tashi ta yi birgima da shi. Hawa shidda na mai tauri sun isa, na sama kar ya wuce inci tara, ka sa shafi mai laushi ta ciki don net na cin fatar yaro, ka haɗa mata da dogon wando mai kama jiki kalar siket ɗin, nan Sakkwato ne, uban ba zai bari ta fita ƙafa waje ba ko da uwar ta yarda. Ka gaya musu ba a ninke shi ba a rataye shi ta ƙugu, kwance ake aje shi ko a rataye shi a kife kai ƙasa, kuma kar a bar shi cikin but ɗin mota da rana.

Yadi huɗun da kas sawo kar ka yar, a warware shi a hankali zai yi hawan sama, mai laushi na kyau a can. Ka zo Asabar bayan La'asar da shi da awon yarinyar, ka biya kasuwa ka sawo mai tauri yadi shidda, da kuɗɗinta ba naka ba. Wanda anka ƙona min da dutsen guga na nan cikin sito rataye, zan sauko da shi ka farke ka ƙirga hawan da hannunka. Ka zo da almakashinka a wase, ba na ba da aron nawa.